Daga Launi Uku Zuwa Fiye da Ɗari Biyu

Yawancinmu masu karanta hotunan tauraron ɗan'adam a Kano da launi uku muka saba. NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Rasha a Satumban 2003, kore da ja yake ɗauka, sai wani haske da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani. Kowane ɗigo a hotonsa mita 32 ne a ƙasa. Da manhajojin ILWIS ta 'yan Holan da IDRISI muke aiki, a wani ƙaramin ofis a Nassarawa GRA, janareta na ruri a bayan taga.

A lokacin Amurka ta yi nisa. Tun 1987 na'urar AVIRIS ke yawo a jirgin sama tana raba haske kashi 224. A Jami'ar Colorado aka rubuta manhajar SIPS don duba irin wannan hoto, daga gare ta ENVI ta fito a 1994. Ka taɓa ɗigo ɗaya, sai zane mai hawa da sauka ya bayyana: lafiyayyen ganye ya shanye ja, ya maido hasken da ke gaba da shi, wanda ƙishirwa ta kama kuma zanensa daban. Ranar da na fara gani, sai da tsigar jikina ta tashi. Amma kuɗin lasisi ya fi ƙarfinmu.

Sauƙi ya zo a hankali. Hotunan tauraron Landsat suka zama kyauta a 2008, Jamus ta harba tauraron EnMAP a 2022, manhajarsa EnMAP-Box kuma tana cikin QGIS, ba ko kwabo.

Abin da ke damuna yanzu shi ne ma'aunin da muke kwatanta zanen da shi. Taskar zane-zanen da ke zuwa da manhajojin nan, irin ta USGS, cike take da duwatsu da tsirran Amurka. Manominmu kuwa gero da wake da gyaɗa yake haɗawa a gona guda, duk su cakuɗe a ɗigo ɗaya na mita 30. Ga hazon hunturu da ke gurɓata hasken kafin ya kai sama. Raba ciyawar kachala da shinkafa a fadamun Haɗeja da Nguru sai an taka ƙasa an auna. Shi ya sa nake tura ɗalibai Kadawa da na'urar hannu, su auna tumatir da shinkafa kowane mako, daga dashe har girbi, su rubuta rana da sunan iri.