Aikin Gwaiwa da Raga: Bayani Kan Ciwon da Ke Daɗewa Bayan Tiyata

Gwaiwa na samuwa ne idan hanji ya sami kafa a bangon ciki ya turo ta mara, wani lokaci har ya sauka cikin maraina. Ta fi kama maza, kuma noma da ɗaukar kaya masu nauyi, waɗanda jama'armu ta Tambuwal da Kebbe ta saba da su, kan ƙara fito da ita. Tiyata ce kaɗai maganinta.

Mece ce raga?

Wata 'yar saƙa ce ta roba da likita ke shimfiɗawa a kan kafar domin ƙarfafa wurin. Hanyar Lichtenstein, wadda ta fito daga Amurka a shekarun 1980, ita ce ta yaɗa amfani da ita. Babban amfaninta shi ne rage dawowar gwaiwa.

Ciwo mai daɗewa

Ciwon kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Wanda muke nufi shi ne wanda ya wuce wata 3. Ƙa'idojin da likitocin duniya suka fitar a 2018 sun nuna cewa mutum 10 zuwa 12 cikin 100 kan gamu da shi, amma waɗanda yake hana wa aiki ba su kai haka ba. Jijiyoyi 3 ne ke ratsa wurin. Zare ko tabo na iya danne ɗaya, ko ragar ta takure. Alamunsa su ne zafi kamar ƙuna, ko suka, ko jin wurin ya mutu. Ɗinki ba tare da raga ba ma yana iya jawo shi.

Shawararmu

Kafin aiki, a tambayi likita ko za a sa raga, a kuma adana takardar sallama. Idan ciwo ya wuce wata 3, a koma babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe. In da bukata, za a tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. A guji sakiya da shan Tramadol ba da izinin likita ba. Cire raga shi ne matakin ƙarshe.

Muna roƙon hakimai da masu unguwanni su fahimtar da jama'a kada tsoron ciwo ya hana su aiki. Gwaiwar da ta ƙi komawa, tare da amai da kumburin ciki, tana iya kisa; a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.