Zauren Mai Gida: Inda Baƙo da Gwauro Suke Kwana a Zangon Da

 

'Yan'uwa, kwanakin baya an kawo mini ƙarar samarin nan da ke kwana a barandar masallaci. Wasu suka ce a riƙa kulle ƙofa bayan Isha'i. Ban ce komai ba a lokacin, domin maganar tana da tarihi, kuma gara ɗalibanmu su ji shi.

Zango dai asalinsa wurin da ayari ke yada kaya ne ya kwana. Kakanninmu fatake sukan taso daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu na jagorantarsu. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi, sai Salaga a ƙasar Gwanja, inda goron Tonawa ke jiransu. Tafiyar watanni ce. To, mutum ya iso garin da ba shi da uwa ba shi da uba, ina zai sa haƙarƙarinsa?

Nan ne aikin mai gida. Shi mai gida ba mai karɓar kuɗin haya ba ne irin na yau. Mutum ne da ya riga ya zauna a gari, ya gina gida mai zaure da ɗakuna da yawa. Baƙo ya sauka, a ba shi wurin shimfiɗa tabarma tare da sauran baƙi, a kawo masa tuwo daga cikin gida, a adana masa kayansa. Mai gida ne tafintansa, shi zai haɗa shi da dillali, shi zai tsaya masa idan za a ba shi bashi. In ciwo ya kama shi a yi jinyarsa, in ta Allah ta kasance a yi masa sutura. Abin da mai gida ke samu shi ne la'ada idan ciniki ya faɗa. Kada mu ce duk don Allah ne. Kasuwanci ne, amma kasuwancin da ya bar wa talaka gurbi. Domin ba attajirai kaɗai ke cikin ayari ba. Akwai 'yan alaro, da masu kora jakuna, da almajirai, da gwaurayen da ba su da ko wuri ɗaya. Waɗannan zaure ne ɗakinsu, su ɗebo ruwa, su yi itace, su ci abin da gida ya ci. Da yawa daga nan suka samu jari, har mai gida ya yi musu aure.

Gaskiya kuma sai a faɗe ta: kasuwar Salaga ta sayar da bayi masu yawa, kuma su ba su ga wannan karamcin ba. Allah Ya yafe wa magabata.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Tonawa, goro ya fara sauya hanya zuwa Kintampo. Sai yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin. Mutane suka bazu Yeji da Kete-Krachi da sauran wurare, cikinsu har da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Duk inda suka je, da al'adar zaure suka je. Haka a Yendi, haka a Bawku, inda masu shanu da masu goro ke sauka a gidajen masu gida. Dattawanmu sun ga wannan da idonsu. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ma ta raba masu gida da yawa da gidajensu.

Malamai kuwa ba su ƙago abin ba. A masallacin Madina akwai Suffa, rumfar da talakawan sahabbai marasa iyali suke kwana, suna karatu, jama'a na ciyar da su. Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, yana cikinsu. Kuma ɗan hanya yana cikin mutum takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba a rabon zakka.

Yau fa? Zaurukan sun zama shaguna. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar adibas fiye da na wata shida, amma wa ke bi? Sai ka ji shekara ɗaya, shekara biyu. Yaron da ke tura baro a kasuwa, ina zai samo wannan? Shi ya sa kuke ganinsu a baranda.

Ni dai ra'ayina, kafin a sayi kwaɗo, a duba tsohon ɗakin ajiyar nan na bayan makaranta. In aka gyara rufin, zai ɗauki mutum shida. A sa dattijo ɗaya ya zama mai gidansu, ya san sunan kowa da garinsu, su riƙa ba da ɗan abin wuta da ruwa a wata. Zan gabatar da maganar a zaman kwamiti ranar Juma'a bayan La'asar, in sha Allahu. Mai ja, ya zo da hujjarsa.