Tarihin Gidan Hutu a Tsallaken Kogin Kaduna

Gidan hutu shi ne gida na biyu da mutum yake mallaka a wani wuri mai daɗin iska, ya je ya yi 'yan makonni, ya kulle ya dawo bakin aikinsa. A Turai al'adar ta yi ƙarfi a duwatsun Alfs, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Garin San Moris na Suwizalan ya fara karɓar baƙin hunturu a 1864, kuma bayan gasar Olamfik ta hunturu ta farko da aka yi a Shamoni ta Faransa a 1924, attajirai suka yi ta sayen gidajen katako kusa da filayen wasan. Abin ya kai ga wasu ƙauyuka sun zama kufai in lokacin ya wuce, har a 2012 mutanen Suwizalan suka kaɗa ƙuri'ar hana irin waɗannan gidaje wuce kashi 20 cikin ɗari na gidajen kowace gunduma.

A Arewacin Nijeriya ba dusar ƙanƙara, amma gudun zafi ya haifar da makamancin haka. Da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatarsu daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, suna da barikokin sauka a kan hanyoyin rangadi, sai dai wurin hutunsu na gaske Jos ne, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, kusan ninkin na Kaduna. Jami'in da zazzaɓi ya galabaitar can ake tura shi ya sha iska. Waɗannan masaukai na gwamnati ne ko na kamfanonin kuza; ba kasafai mutum ɗaya yake sayen nasa ba.

Tsallaken kogin Kaduna kuwa, wato Kakuri da Makera da kewayensu, tun farko unguwar masu aiki ce. Nan babbar tashar jirgin ƙasa take a da, kuma nan aka kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, daga baya Arewa Textiles da UNTL suka biyo, sannan kamfanin haɗa motocin Fijo a 1975 da matatar mai a 1980. Dubban ma'aikata suka kwararo daga Zangon Kataf, Kagoro, Binuwai, Filato, Katsina da ƙasar Kano, suka cika gidajen haya na ɗaki da falo a Nasarawa, Talbijin, Narayi da Sabon Tasha. A wurin waɗannan mutane lissafin ya juya: birni ne wurin zaman wucin gadi, gidan da ake burin ginawa yana ƙauye. Ma'aikaci zai shiga adashi, ya sayi bandir ɗin kwano bana, baɗi ya aika da buhunan siminti, har ɗakuna uku su tashi a filin gado. Gidan yakan kwana a kulle wata goma sha ɗaya, makulli a hannun ƙane ko baffa, sai an zo hutun Kirsimeti ko Sallah a share yanar gizo-gizo, a shanya katifu a rana. Ba a kiransa gidan hutu, amma aikin da yake yi ke nan, kuma ya fi kowane iri yawa a tarihin yankin.

Misali mafi kusa da na Turai shi ne Fadar Kajuru, mai nisan kilomita kusan 45 daga birnin, ta hanyar Kachiya da ta ratsa Sabon Tasha. Wani Bajamushe mazaunin Kaduna, Gerhard Huebner, ya gina ta a shekarun 1980 a kan dutse, da duwatsun wurin, bisa fasalin ganuwoyin sarakunan Jamus na da: hasumiyoyi, katanga mai kauri da wurin ninƙaya. Abin da ya ja shi can bai bambanta da abin da yake jan mai saye a Alfs ba, wato tudu da iska da hangen nesa, ga kuma kusanci da gari. Daga baya aka mayar da ita wurin da ake kamawa haya na kwana ɗaya ko biyu, makomar da gidajen hutu da yawa suke samu idan kuɗin kula da su ya fi ƙarfin amfanin da mai su yake yi.

A tsakanin gidan ƙauye da irin Fadar Kajuru akwai gidan gona. Tun zamanin arzikin man fetur na shekarun 1970, manyan ma'aikata da hafsoshin soja masu ritaya suka riƙa sayen filaye a hanyar Kachiya da hanyar da ta nufi Abuja, su dasa mangwaro da lemo, su kafa kejin kaji, su gina ɗan gida na zuwa ƙarshen mako. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka abin da mai saye yake samu haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99. Duk da haka cinikin bai bar tsohuwar hanyarsa ba: dillali ya kai mutum ya ga fili, a taka iyaka da maƙwabta, a rubuta takarda gaban mai unguwa da shaidu, a biya la'ada. Rigima takan taso ne inda wani magaji ya sayar ba da sanin 'yan'uwansa ba, ko aka sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Hukumar KADGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, ita ce yanzu take tantance takardun mallaka, kuma mai hankali ba ya biyan kuɗi sai ya bincika a can.

Rikicin addini na Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 a Kaduna sun sauya ma'aunin zaɓen wuri. Iyalai da dama sun sayar da gidajensu da araha ko sun yi musaya, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kiristoci suka yo kudu, unguwanni irin su Gonin Gora da Unguwar Romi suka bunƙasa. Rufe masaƙu a shekarun da suka biyo baya ya karya adashin da ake gina gidajen ƙauye da shi. Sannan satar mutane a hanyoyin Kachiya da Abuja ta sa gidajen gona da yawa suka koma hannun masu gadi. Mai neman gida na biyu a yau yakan fara da tambayar zaman lafiyar hanya da nisan wurin daga shingen jami'an tsaro, sannan ruwa da wuta da takarda. Da yawa sun gwammace su sayi gida a unguwar Barnawa, su sa masa kayan ɗaki, su riƙa ba da shi haya na 'yan kwanaki ga baƙi da masu biki, su sauka a ciki idan sun shigo gari.