Hisabin Hayaƙin Abin Hawa Daga Ƙira Zuwa Rushewa

Hisabin hayaƙin abin hawa wani fanni ne na ilimin muhalli wanda ma'abotansa ke ƙididdige dukkan iskar da ke ɗumama duniya wadda mota ko jirgi ke haddasawa, tun daga haƙo ma'adinan ƙirarsa har zuwa ranar da aka farfasa shi aka narka ƙarfensa. Hujjarsu kuwa ita ce, abin da ke fita ta salansa juzu'i ne kawai na al'amarin, domin ko da yake lita ɗaya ta fetur kan fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon idan ta ƙone, kafin ta iso tanki an riga an ƙona makamashi wajen haƙo ɗanyen mai da tacewa da dako, balle inda ake ƙona gas a banza a bakin rijiya, kamar yadda aka daɗe ana yi a Neja Delta.

Motar lantarki ita ce mas'alar da ta fi jawo muhawara. Ƙera batirinta na da nauyin hayaƙi, sa'an nan hukuncinta ya rataya ga asalin wutar da take sha: a Norwe, inda galibin lantarki daga ruwa yake, falalarta a bayyane take, amma a Folan, mai dogaro da kwal, ratar da ke tsakaninta da motar fetur ta ragu ainun.

An shimfiɗa ƙa'idojin fannin cikin ma'aunin ISO 14040 a 1997, aka sabunta shi a 2006. Masu tsara hasashen makamashi na shekaru masu zuwa wajibi ne su shigar da wannan hisabi, in ba haka ba lissafinsu naƙasasshe ne.