Tarihin Ƙungiyoyin Taimakon Kai da Kai a Ƙasar Ƙonni da Adar

Ƙungiyoyin taimakon kai da kai su ne haɗin gwiwar da talakawa kan yi a unguwa ko ƙauye domin gyara zamansu da ƙwatar haƙƙinsu. A gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wannan al'ada ta girmi gwamnati. Illelar da ake nufi a nan ita ce ta Adar, mazaunin Sarkin Adar. Kada a haɗa ta da Illelar Sakkwato, wadda ke tsallaken iyaka, daf da Ƙonni.

Tushen abin gayya ce da adashe da samariya. Mai gona ya yi gayya, mata su dama fura, makaɗa su zuga manoma, kafin la'asar an gama noman. Sarkin samari kuwa shi ke tara matasa idan za a share gari, a yashe rijiya ko a tarbi baƙi. Babu takarda, babu albashi. Wanda ya ƙi fitowa, ranar bukinsa zai ga wurin wayam.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, kowace gwamnati ta yi ƙoƙarin sa wa wannan ƙarfi linzami. A zamanin Diori Hamani aka kafa hukumar UNCC a 1962 domin bashi da ƙungiyoyin manoma, aka kuma baza masu wayar da kai cikin karkara. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 sai ya farfaɗo da samariya, ya mai da ita ginshiƙin tsarinsa na raya ƙasa. Samari sun buga tubali, sun gina azuzuwa, sun share kasuwanni, kuma dattawa har yau suna yabon tsaftar garuruwa ta wancan lokaci. Sai dai umurni daga sama yake saukowa, shi ya sa samariya ta yi laushi da gushewar mulkin da ya riƙe ta.

Gandarin noman rani na Ƙonni ya sha irin wannan. An gina shi tsakanin 1976 da 1982, hekta wajen 2,450, yana shan ruwan kwarin Majiya daga madatsun Mozage da Zango. Bayan wani taro da aka yi a Damagaram a 1982 aka ce manoma su riƙa tafiyar da gandarinsu da kansu ta hanyar ƙungiya, hukumar ONAHA tana ba da shawara. A aikace, rigimar kuɗin ruwa da rabon ruwa tsakanin na bakin magudana da na ƙarshenta ta zama abincin yau da gobe, yashi ya cike madatsu, har sai da aka sake gyaran gandarin da tallafin Amurka na yarjejeniyar 2016.

Abin da ya fi kama ƙasa ya fito ne daga fakon Illela. A 1989 wani shiri na asusun FIDA da ke aiki a yankin Badagishiri ya kai wasu manoma Yatenga, cikin Burkina Faso, suka ga yadda ake raya matacciyar ƙasa da ramuka. Suna dawowa suka gyara tsohuwar dabararsu ta tassa. Da rani ake sara fako da diga, a yi rami mai faɗin tafin hannu biyu, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba ɗan taki. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya kwanta a ramin, sannan a shuka hatsi ko dawa. Damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, kuma masu tassa ne suka ɗaure damma. Daga nan ba a buƙaci mai wa'azi ba: maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci, ya koma ya ɗauki diga. Kafin ƙarshen shekarun 1990 an farfaɗo da hekta kusan 9,000 a ƙasar Illela. Fakon da a da ko kyauta ba a karɓa ya yi kuɗi, samari kuma suka haɗa gungu suna haƙar tassa a biya su, wasunsu suka fasa tafiya cin rani. A Batodi ruwan rijiyoyi ya ɗago har aka yi garake na albasa.

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin farar hula. A shekarar ne ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi, adashe ne da aka yi wa akwati da doka: zubi kowane mako, bashi da ɗan abin da ake ɗorawa, rabo a ƙarshen zango. Asusun ya bazu zuwa jihar Tawa, kuma da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, wasu matan asusu suka tsaya takarar kansila. Manoman albasar Galmi, wadda ke cikin gundumar Malbaza tun da aka ƙirƙiro ta a 2011, su ma sun haɗa kai domin kada dillalai su riƙa yanka musu farashi.

Gwagwarmaya mafi zafi ita ce ta wahaya. Wahaya mace ce da ake saya daga zuri'ar da ake kira bayi, a ajiye ta bayan matan aure huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure. Ita ce daka, ita ce ɗebo ruwa, ita ce kiwo. Al'adar ta yi ƙarfi tsakanin Ƙonni, Madawa da Illela, kuma an daɗe ana rufe ta da rigar addini, alhali sharuɗɗan da malamai suka sani ba su cika a kanta ba. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, Ilguilas Weila ya daɗe yana jagorancinta, ita ta bi ƙauyuka da zangunan makiyaya tana tattara shaida, har majalisa ta yi dokar 2003 da ta mai da bautarwa babban laifi.

Doka a takarda daban, samun mai ƙarfin halin zuwa gaban alƙali daban. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan jika 240 na sefa. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar ƴanci, sannan ya hana ta tafiya, wai matarsa ce. Ƙaramar kotun Ƙonni ta ba ta gaskiya, ta sama da ita ta soke hukuncin. Da ta auri wanda take so, aka yanke mata wata shida a kan aure bisa aure, ta kuma shiga gidan kaso. Timidria da abokan aikinta na waje suka kai ƙarar kotun CEDEAO, wadda ta zauna a Yamai. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umurci a biya ta miliyan 10 na sefa. A 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara 4 saboda ajiye wahaya, karo na farko a ƙasar, kuma a 2019 kotun ƙoli ta tabbatar cewa wannan zama ba aure ba ne. Duk da haka, macen da ta fito daga gidan ubangida ba ta da gona, sau da yawa ƴaƴanta ba su da takardar haihuwa, don haka aikin ƙungiyar ya karkata ga makarantu da jarin sana'a.

Cikin garin Ƙonni kuwa, inda manyan motoci ke ratsa kasuwa, shara da magudanan ruwa sun zama nauyin magajin gari a 2004, kuɗin shigarsa kuma bai kai ba. Matasan fada da ƙungiyoyin mata ne kan fito da tsintsiya da baro kafin damana. Rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tsayar da cinikin garin har zuwa Maris 2024, kuma a watan Afrilu na 2024 gwamnatin soja ta rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi a madadinsu.