Wasan Oberammergau da batun ƙyamar Yahudawa

Oberammergau ƙauye ne a kudancin Jamus. Tun 1634, kusan duk shekara goma, mutanensa ke yin wasan kwaikwayo kan gicciye Yesu, yadda Kiristoci suka yi imani.

Abin da ya dami masana shi ne, tsohon wasan ya jibga wa Yahudawa laifin kisan, ya sassauta wa Bilatus, gwamnan Rumawa. Hitler ma ya kalle shi a 1934, daga baya ya yaba.

A 1965 cocin Katolika ta ce bai halatta a ɗora laifin kan Yahudawa duka ba. Daga 1990 aka shiga gyara sosai, ana nuna Yesu cikin al'adar Yahudawa, inda ya tashi.

Mu ma mun sani: duk wanda wasa ya mayar mugu, haka ƴan kallo ke ganin danginsa.