Daga Ɗakin Kaka Zuwa Aji: Tarihin Tatsuniya da Karatun Yara a Ƙasar Hausa

Da wuya a sami manhajar Hausa ta makarantun firamare wadda ba ta ambaci tatsuniya ba. Akan jera ta tare da karin magana da kacici-kacici da waƙoƙin yara a ƙarƙashin adabin baka, sannan a ɗora mata manufar koyar da tarbiyya da kyautata harshe. Ba mu ja da wannan manufa. Sai dai idan muka bi sawun yadda yaran Hausawa suka riƙa samun labari tun kafin zuwan boko har zuwa yau, za mu ga cewa labari bai taɓa isa ga yaro shi kaɗai ba. Kullum yakan same shi ne a cikin tsararsa, kuma a zaman da tunaninsa ke buɗewa, a nan ne yake koyon abota. Tarihin ya nuna mana cewa duk lokacin da aka kwashe labarin aka bar zaman, yara da kansu ne suke sake ƙirƙiro shi, sau da yawa a bayan idon malami.

Zaman tatsuniya

A al'adance da dare ake tatsuniya, bayan an ci tuwo, a ɗakin wata tsohuwa ko amarya, ko kuma a dandali idan akwai farin wata. Camfi ma ya hana yin ta da rana, wanda hikimarsa ba ta ɓuya: rana ta aike ce da talla da makarantar allo. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tsarin zaman kansa. Mai bayarwa ba ta da ikon farawa sai ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", masu saurare sun amsa da "Ta zo mu ji ta". Wato tun daga jimlar farko an ƙulla yarjejeniya tsakanin baki da kunnuwa. Idan an zo wurin waƙa, kowa ya kama amshi. Idan ta tsallake wani wuri, akwai yaron da zai tsayar da ita, domin ya ji labarin sau goma. Idan ta rufe da "Ƙurunƙus", sai layi ya zo kan wani, har ƙaramin da bai iya komai ba sai rabin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a yi masa dariya, a kuma ƙarasa masa.

Kacici-kacici ya fi nuna wannan cuɗanya. Wanda ya kasa amsa dole ya "ba da gari", mai tambaya kuwa yana da damar ƙin karɓar ƙaramin gari ya nemi babba. Yaron da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba sai ga shi yana kyautar da Kano ko Katsina ko Makka, abokinsa yana siffanta irin dokin da zai hau ya shiga birnin da kuma abin da zai ci a can. Ba mu san wani darasi na aji da ke haɗa hasashe da ciniki da raha a cikin minti biyu kamar wannan ba.

Su ma jigogin tatsuniyoyin, yawancinsu a kan zaman tare suke. Gizo abokin tafiya ne da ba a amince masa da guzuri. Kura takan shiga kowace yarjejeniya da niyyar cinye abokin tarayya, ta ƙare da dukan tsiya. 'Yar bora da aka aika wankin ƙirgi a ruwan Bagaja ta dace ne saboda ladabin da ta yi wa duk abin da ta tarar a hanya, 'yar mowa kuwa ta bi hanya ɗaya da raini ta dawo da tsiya. Yaran da ke sauraren wannan su ne gobe za su raba ƙosai ɗaya, su yi langa ko gaɗa tare, saboda haka tambayar da tatsuniya ke yi, wato wa za a amince wa, tambaya ce da suke fuskanta da safe. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a tsakanin 1949 da 1950 a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda ƙawance tsakanin mata yake da ƙa'idojinsa na musayar kyauta da tsayawa juna a lokacin biki da suna, kuma wasunsa tun daga wasannin ƙuruciya suke farawa.

Tatsuniya ta hau takarda

Abin lura ne cewa daga bakin yaro aka samo wasu daga cikin tatsuniyoyin Hausa na farko da aka buga da haruffan boko. Dorugu, wanda matafiyin nan Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855 tare da Abbega, yana matashi ya riƙa ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, waɗanda suka fito a cikin Magana Hausa a 1885. Shi wannan Dorugu ya yi aiki daga baya a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Bayan haka Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, shi kuma R. S. Rattray ya fitar da nasa tarin a 1913 daga abin da Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Gana a yau.

Waɗannan ayyuka taska ce, kuma ba don su ba da tatsuniyoyi da dama sun salwanta. Amma ba don yara aka yi su ba. An yi su ne domin jami'an mulki da 'yan mishan masu koyon Hausa da kuma masu nazarin al'adu, kuma galibi malamai maza ne suka rubuta abin da a gida mata ke bayarwa. Takarda ta riƙe zaren labari, amma ba ta iya riƙe karin waƙa da sauyin murya lokacin da Gizo ke tsamin baki, balle dariyar masu saurare. Wannan siffa ta tatsuniya, wadda aka raba da zamanta, ita ce makaranta ta gada.

Aku mai hira da dare

Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta zauna a Zariya daga baya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ita ce ta fara tunanin abin da ɗan makaranta zai karanta don jin daɗi. Gasar 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da East. Tun a sunan littafinsa Imam ya nuna inda ya ɗebo ruwa, domin kowane yaro ya san Bagaja daga bakin kakarsa. Dangantakar Alhaji Imam da Malam Zurƙe kuwa, masu yi wa juna mugunta a gari bayan gari amma ba sa rabuwa, ta yi kama da ta tsararraki a dandali fiye da ta jarumi da abokin gaba.

A 1936 aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya domin ya rubuta littafin karatu, sakamakon haka shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku, da suka fito daga 1937 zuwa 1939. Masana sun yi rubutu da yawa a kan tushen labaransa, daga Dare Dubu da Ɗaya da littattafan Larabci da na Indiya da tatsuniyoyin Turai irin na 'yan'uwan Grimm. Mu abin da ya fi damunmu a nan shi ne ƙirar littafin. Imam bai jera labarai kamar kayan kanti ba. Ya sa su a bakin mai bayarwa, ya ba shi mai saurare, ya kuma zaɓi dare. A juzu'i na farko aku yana riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da hira har gari ya waye, domin ya hana shi fita ya bi sawun Mahmudu, wanda suka tashi tare, zuwa fagen yaƙi. Ke nan kewar aboki ce ta jawo labaran. A juzu'i na biyu gasa ce tsakanin aku biyu a gaban jama'a, a na uku kuma uba ne ke koya wa ɗansa Fasih yadda ake ba da labari. A ganinmu Imam ya fahimci abin da takarda ta ƙwace wa tatsuniya, sai ya gina zaman a cikin littafin kansa.

Ƙarancin littafi ma ya taimaka, ko da yake ba wanda ya shirya hakan. A zamanin da masu karatun boko 'yan kaɗan ne, kwafi ɗaya yakan zaga hannaye da yawa, kuma ɗan makaranta yakan karanta da ƙarfi ga waɗanda ba su iya ba, a zaure ko a ɗakin kwana. Haka aka riƙa yi wa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo bayan fitowarta a watan Janairun 1939. Karatu a wancan lokaci bai ware yaro daga tsararsa ba, hasali ma shi ya mayar da shi mai bayarwa.

Hukumar NORLA ta shekarun 1950, wadda ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shirin Yaƙi da Jahilci, da kamfanin NNPC da aka kafa a 1966, sun ƙara yawan abin karantawa. Ya kamata a ware Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, wanda ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Amma wanda ya fi kowa kusantar matsalar da muke magana a kai shi ne Ibrahim Yaro Yahaya. Jerin littattafansa shida na Tatsuniyoyi da Wasanni, da suka fara fitowa a 1971, sun haɗa labari da wasa wuri ɗaya kamar yadda suke a dandali, kuma kundinsa na digirin dakta na 1979 a kan rawar adabin baka wajen shigar da yaro cikin al'umma yake. Littattafan sun shiga aji a daidai lokacin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil. Malami ɗaya a gaban ɗimbin yara ba shi da zarafin jiran amshi ko ba kowa layi. Sai tatsuniya ta koma abin da ake karantawa da hantsi, a biyo ta da tambayoyin auna fahimta, a rufe da neman darasin da ke cikinta.

Littafin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin matashi

Daga tsakiyar shekarun 1980 wani sabon rubutu ya ɓullo wanda ba hukuma ce ta shirya shi ba, wanda aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987 da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991 suna cikin waɗanda suka yi fice. An yi ta muhawara a jaridu a kan ingancinsu da tasirinsu ga tarbiyya, har a 2007 aka ƙona wani tarinsu a wata makarantar 'yan mata a Kano. Ba mu shiga wannan muhawara a nan ba, kuma ba mu ce duk abin da ke cikinsu ya dace da yaro ba. Abin da ya shafe mu shi ne yadda aka karanta su. An yi hayarsu a shaguna, an karanta su a gidajen rediyo, 'yan mata sun yi musayarsu a makarantun kwana, wadda ta riga karanta kashi na biyu ta ba sauran labari bayan an kashe fitila. Ƙawance da yawa a kan aron littafi ya ƙullu. Wato abin da aji ya daina bayarwa, na karɓa-karɓa da amshi da gardama a kan halin taurari, ɗalibai sun samo shi a wani wurin, da littattafan da manhaja ba ta san da zamansu ba. Bayan yaɗuwar wayar salula irin wannan karatu ya koma kafofin intanet, inda marubuta ke sakin labari kashi-kashi masu karatu suna mayar da martani.

Inda manhaja ta tsaya

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da gyare-gyarenta na 1981 da 1998 da 2004 da 2013, ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare. A 2022 aka amince da faɗaɗa wannan zuwa aji shida, sannan a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar soke tsarin da komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Ko yaya wannan batu ya kaya, sakamakonsa ga darasin Hausa a bayyane yake: ɗan lokacin da aka ware masa a jadawali zai iya zama kaɗai wurin da yaro zai ji labari cikin harshensa a makaranta, alhali a gidaje da dama na birni talabijin da waya sun riga sun cinye lokacin hirar dare. Lamarin ya fi tsanani ga yaran Hausawa mazauna Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas, da kuma ɗaliban da ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, waɗanda amshin tatsuniya da musayar kacici-kacici ke ba su dalilin buɗe baki ga ɗan ajinsu tun kafin su mallaki nahawu.

Shirye-shiryen koyon karatu na shekarun 2010, irin su Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, sun dawo da karanta wa yara labari da ƙarfi a cikin aji, kuma wannan ci gaba ne. Amma har yanzu galibi malami ne mai baki. Jadawalin manhajarmu yana da gurbin ayyukan malami da gurbin ayyukan ɗalibai, kuma a ƙarƙashin tatsuniya abin da aka saba cika gurbi na biyu da shi shi ne saurare da amsa tambaya. A wannan gurbi muke ba da shawarar a fara gyara: a rubuta cewa yara za su zauna rukuni-rukuni, kowa ya kawo tatsuniyar gidansu ya bayar a layinsa, sauran su amsa, su kama waƙa, su gyara masa inda ya tsallake, wanda ya kasa kacici-kacici kuma ya ba da gari.